Noman Raya Ƙasa a Dutse da Tsakiyar Jigawa: Amfaninsa ga Lafiyar Ƙasa da Yawan Yabanya

Tsakure

Wannan takarda ta duba tsarin da ake kira noman raya ƙasa, wato noman da ake yi da niyyar a bar gona da ƙarfin da ya fi wanda aka same ta da shi, ta kuma auna shi da halin ƙasar noma a Dutse da ƙananan hukumomin da ke kewaye da ita. Matsayin takardar shi ne cewa amfanin wannan tsari ga lafiyar ƙasa da yawan yabanya tabbatacce ne, sai dai abin da ke iyakance shi a wannan yanki shi ne ƙarancin abin da za a mayar wa ƙasar, domin kara da harawa da kashin dabbobi duk suna da masu jiransu tun kafin a zo kan gona. Saboda haka takardar ta fi ba da ƙarfi ga hanyoyin da ke ƙara yawan abin da ke tsirowa a gona, musamman bishiyar gawo da sabara da kalgo da dangin wake, tare da ɗan takin zamani da aka sa a inda ya dace.

Gabatarwa

Jihar Jigawa, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, jiha ce da mafi yawan mutanenta ke rayuwa da noma da kiwo, kuma ƙidayar 2006 ta nuna cewa mazaunanta sun haura miliyan huɗu. A masarautar Dutse, wadda ta ƙunshi Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da Buji da Gwaram da Jahun da Miga, gonakin gado suna ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba su tsakanin magada, har ta kai ga saura, wato gonar da ake bari ta huta na wasu shekaru domin ta maido da ƙarfinta, ta zama abin da dattawa ke ba da labarinsa a ƙauyuka da yawa. Gonar da ake nomawa kowace damina ba hutu dole ne a ciyar da ita, kuma tsadar takin zamani, wadda ta tsananta bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren a 2022 da janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, ta sa ƙaramin manomi ya kasa ciyar da ita ta hanyar da aka daɗe ana koya masa. Wannan ne ya sa batun noman raya ƙasa ya cancanci a tattauna shi a nan da idon basira.

Halin ƙasar noma a yankin

Ruwan sama a wannan yanki yakan faɗi tsakanin milimita 600 zuwa 1,000 a shekara, kusan dukkansa cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sannan ƙasa ta yi wata bakwai ko takwas a buɗe tana shan rana da iska. Mafi yawan gonakin tudu jigawa ce, wato ƙasa mai rairayi wadda ba ta da wuyar huɗa amma ba ta riƙe ruwa ko taki. Sai ƙasar laka a fadamu da bakin kogunan da ke malalawa zuwa kwarin Haɗeja. Sai kuma fako, wato ƙasar da samanta ya daskare ya yi tauri har ruwan sama ke gudu a kanta ba tare da ya shiga ba, wadda ake yawan gani a gindin duwatsu da tsofaffin hanyoyin shanu.

Abin da ke bambanta ƙasa mai rai da wadda manoma ke cewa ta gaji ko ta mutu shi ne yawan abin da za a kira ruɓin ƙasa a wannan takarda, wato ɓurɓushin ganye da saiwa da kashin dabbobi da suka ruɓe suka gauraya da ƙasa har suka ba ta duhun launi da laushi. Wannan ruɓi shi ne abincin ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, shi ne ke manne ƙwayoyin rairayi su zama dunƙule, kuma a ƙasar da ba ta da laka sosai shi ne kusan kaɗai abin da ke riƙe ruwa da sinadaran abincin shuka. A jigawar ƙasashen Sahel da Sudan, kabon da ke cikin wannan ruɓi bai cika kai kashi 1 cikin 100 na nauyin ƙasa ba, sau da yawa ma bai kai rabin haka ba, kuma zafi da gara suna cinye shi da sauri. Zuba takin yuriya a irin wannan ƙasa kamar zuba ruwa ne a rariya, domin ruwan sama mai ƙarfi ɗaya ya isa ya gangara da kaso mai yawa na takin zuwa inda saiwar gero ba za ta kai ba. Lissafin da masana biyu na ƙasar Holan, Stoorvogel da Smaling, suka fitar a 1990 ya nuna cewa gonakin Afirka kudu da Sahara suna asarar kimanin kilo 22 na naitirojin da kilo 2.5 na fosfaros da kilo 15 na fotashiyam a kowace hekta duk shekara, kuma ko da yake an yi ta muhawara a kan daidaiton waɗannan alƙaluma, babu mai musun cewa abin da ake kwashewa daga gona ya fi abin da ake mayar mata.

Ma'anar noman raya ƙasa

Sunan ya yaɗu ne daga Amurka a shekarun 1980 ta hannun Robert Rodale, kuma har yau masana ba su tsaya a kan ma'ana ɗaya ba. Abin da aka fi haɗuwa a kai shi ne rage dagula ƙasa da garma, da rufe ta da ganye ko kara, da shuka amfani iri-iri tare ko bi da bi, da haɗa noma da kiwo da bishiyoyi. Duk wanda ya san karkarar ƙasar Hausa zai ga cewa rabin wannan jeri tsohon aiki ne a nan. Binciken Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero, da na Frances Harris a ƙauyen Tumbau na ƙasar Kano a shekarun 1990, ya nuna yadda manoma suka yi shekaru masu yawa suna noma gona ɗaya ba hutu ba tare da ta mutu ba, ta hanyar ciyar da tumaki da awaki harawar wake da ta gyaɗa a gida, da kwashe takinsu zuwa gona da jakuna, ga kuma ƙurar hunturu da ke sauke ɗan abin da ta ɗauko daga yankin Bodele na ƙasar Cadi. Don haka aikin da ke gaban masana a Jigawa shi ne su gano inda wannan tsohon zagaye ke yoyo, da abin da zai ƙara masa kauri yanzu da bakunan da gona ke ciyarwa suka ninka.

Kara, harawa da taki

A cikin shawarwarin noman raya ƙasa, wadda ta fi wuyar karɓuwa a tsakiyar Jigawa ita ce ta barin kara a gona. Amfaninta a fili yake, domin karan da aka shimfiɗa yana rage zafin ƙasa, yana tare rairayin da iska ke kwasa a bazara, yana karya ƙarfin ɗigon ruwan farko, sannan yana jawo gara, wadda ramukanta ke buɗe fako ruwa ya samu hanyar shiga. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙayyade cewa a rufe aƙalla kashi 30 cikin 100 na fuskar gona. Amma duk wanda ya bi hanyar Kiyawa ko ta Jahun bayan girbi zai ga inda karan yake tafiya. Ana sare karan dawa a ɗaure shi dami-dami a jingine shi a tsaye ko a ɗora a kan reshen bishiya inda dabba ba za ta kai ba. Karmami na shanu ne. Kara mai kauri na danga ne da rufin rumfa. Harawa kuwa ana naɗe ta tun tana da ɗanyen ganye a hau da ita kan soro, domin a ƙarshen rani kuɗinta a kasuwa irin ta Shuwarin yakan sa mai ita ya yi murmushi. Abin da ya rage, yara da mata su tsince shi har da tushiya domin hura wuta, makiyaya kuma su bi da garke su share sauran. Kafin watan Maris gonar ta zama fili fetal.

Manomin da ke yin haka ba jahilci ne ke damunsa ba. Lissafi yake yi, kuma lissafinsa daidai ne a ma'aunin shekara guda, tunda ragon da aka turke da harawa zai biya kuɗin asibiti ko na makaranta a lokacin layya, alhali karan da aka bari a gona wataƙila garken wani ne zai cinye shi. Wannan shi ne abin da Ken Giller na Jami'ar Wageningen da abokan aikinsa suka ja hankali a kai a 2009, lokacin da suka nuna cewa noman da ba huɗa, idan babu abin rufe ƙasa, yakan rage amfani a gonakin ƙananan manoman Afirka. A jigawa, huɗar garmar shanu tana binne taki da ciyawa a cikin kunya, kuma hana ta ba tare da an samar da madadinta ba cutarwa ce. Abin da ya fi dacewa a gyara shi ne yawan bin gona da faifan tarakta har ƙasa ta zama gari, da huɗar da ke bin gangare a gindin duwatsun Dutse, inda kwarin kunya ke zama hanyar ruwa, daga nan kuma zaizaya ta samu mafari. Huɗa a gicciye, tare da ɗaure kwari da 'yan tudun ƙasa a tsakani da dasa gamba ko jema a kan iyaka, tana tsayar da ruwan a inda ya faɗi.

Idan kara ba zai zauna a gona ba, to ya kamata ya dawo ta cikin dabba, kuma a nan ne ake asara mai yawa wadda ba ta bukatar kuɗi kafin a toshe ta. Fitsarin dabba ya ƙunshi kaso mai yawa na naitirojin ɗin da ta ci, amma a mafi yawan turaku yana tsiyayewa a banza saboda ba a shimfiɗa ƙaiƙayi ko buntu ko ragowar kara da zai tsotse shi. Takin da aka kwashe kuma yakan yi watanni a tsibi-tsibi a gona rana tana dukansa kafin a baza shi. Tara shi a rami ko a inuwa, tare da tokar murhu da sharar gida, a riƙa yayyafa masa ruwan wanke-wanke, a kai shi gona dab da huɗa, yana ba da taki mai ƙarfi wanda zafin ruɓewarsa ya kashe yawancin irin ciyawa. Sharar birni da ake kwasowa daga jujin Dutse tana da amfani, amma ledoji da fasassun kwalabe da matattun batura da ke cikinta suna bukatar a tace su. Haka nan buntun shinkafa da ke taruwa a injinan casa, da kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa a kwarin Haɗeja, dukkansu kayan takin ne da ba su da masu rububinsu kamar harawa.

Duk da haka, taki yana da iyaka da ya kamata a faɗa ƙarara. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, busasshen takin dabbobi kuwa sau da yawa kimanin kashi 1 cikin 100 yake ɗauke da shi, wato sai an kai fiye da tan biyu kafin a yi daidai da buhu ɗaya. Mai awaki biyar ba zai taɓa tara abin da zai wadaci hekta guda ba, shi ya sa gonakin da ke kusa da gida suke baƙaƙe, na nesa kuma suke farare.

Bishiya a cikin gona

Tunda abin da ake da shi bai isa ba, tambayar ita ce daga ina za a samo ƙari, kuma amsa mafi araha tana tsaye a gonakin yankin tun kaka da kakanni. Gawo bishiya ce da ke zubar da ganyenta a farkon damina ta kuma yi kore shar da rani, saboda haka ba ta yi wa gero inuwa a lokacin da yake bukatar rana, ganyen da ta zubar kuma yana ruɓewa daidai lokacin da shuka ke tashi. Tana cikin dangin wake, saiwarta tana hulɗa da ƙwayoyin bakteriya masu kamo naitirojin daga iska, sannan tana nitsawa ƙasa sosai ta ɗebo abin da ya riga ya kuɓuce wa saiwar hatsi. Da tsakar rana a watan Afrilu, shanu da awaki sukan taru a inuwarta suna tsintar 'ya'yanta da suka faɗo, su bar kashi da fitsari a wurin, har idan damina ta kankama a ga geron gindinta ya fi na sauran gonar tsayi da duhun ganye. Binciken da aka yi a Bambey ta ƙasar Senegal tun a shekarun 1960 ya tabbatar da ƙarin amfanin gero a ƙarƙashin gawo, abin da manomin Hausa ya riga ya sani.

Misalin da ya fi kusa da Jigawa yana tsallaken iyakar Maigatari. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar sun koma ga wata dabara da Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a Maraɗi a 1983, wadda ba ta bukatar dashe ko ban ruwa. A lokacin sassabe, maimakon a sare duk tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a ƙone, sai a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a bar su, a datse sauran, a riƙa yi musu aski kowace shekara. Da yake saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, bishiyar takan tashi da saurin da dashe ba ya yi. Nazarin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200 ta wannan hanya, a ƙasar da ruwanta bai kai na Dutse ba. Abin takaici ne a ce ana kashe kuɗi wajen raba dashen darbejiya da turare waɗanda da yawansu ba sa tsallake ranin farko, alhali tohon gawo da aduwa da magarya da kanya yana mutuwa a bakin gatari da wuta duk bazara.

Sabara da kalgo, waɗanda ake ɗauka a matsayin dattin gona, suna da nasu rabon. Binciken da aka yi a Senegal ya nuna cewa saiwarsu tana ɗago ruwa daga zurfi da dare ta sake shi a saman ƙasa, inda geron da ke kusa ke amfana da shi a lokacin da ruwa ya ɗauke. Idan aka sassabe su aka daddatsa rassan aka baza a gona, an samu abin rufe ƙasa wanda dabbobi ba su cika damuwa da shi ba. Idan aka tara aka cinna wuta kuwa, naitirojin da kabon sun tafi cikin hayaƙi, toka kaɗai ta rage.

A kan fako, dabarar tassa, wadda ta yaɗu a yankin Tawa na Nijar kuma ake kira zai a Burkina Faso, tana da amfani: ana haƙa ramuka masu faɗin kamar tsawon tafin ƙafa da zurfin da bai wuce kamu guda ba tun da rani, a sa tafin taki a kowanne, ruwa ya taru a ciki a shuka. Aiki ne mai cin ƙarfi, kuma bai dace da rairayi mai laushi ba domin ramukan cikewa suke yi.

Dangin wake da ƙuduji

Haɗa gero ko dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, kamar a tsarin gicci, tsohuwar al'ada ce, amma a cikinta wake yakan sha inuwa ya yi kaɗan. Tashar Cibiyar Binciken Noma ta IITA da ke Kano ta gwada tsarin layi biyu na hatsi da layi huɗu na wake, ana musanya wurarensu a shekara mai zuwa, wanda ya ba da ƙarin wake da harawa, wato ƙarin abincin dabba da ƙarin taki. Wannan juyi yana taimakawa kuma wajen yaƙi da ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ciyawar da ke manne wa saiwar dawa da gero tana tsotse su, kuma wadda yawanta a gona shaida ce cewa ƙasa ta gaji. Tsiro ɗaya yana zubar da dubban iri masu iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma. Wasu nau'o'in waken soya suna sa irin ƙudujin ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu, sai dai waken soya ya fi dacewa da kudancin yankin, wajen Birnin Kudu da Gwaram, inda ruwa ya fi yawa.

Matsayin takin zamani

Wasu masu yayata noman raya ƙasa suna kallon takin zamani a matsayin abokin gaba, kuma wannan ra'ayi bai dace da jigawa ba. Wake da gawo suna kawo naitirojin, amma babu tsiron da ke ƙirƙiro fosfaros, wanda shi ne ya fi ƙaranci a wannan ƙasa, kuma idan babu shi waken kansa ba ya kamo naitirojin yadda ya kamata. Gwajin dogon zango da aka fara a 1983 a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai ya nuna cewa takin zamani shi kaɗai yana ƙara wa ƙasa tsami a kwana a tashi, amma haɗa shi da kara ya ba da amfanin da ya fi na kowannensu shi kaɗai nesa ba kusa ba. Daga wannan cibiya ce aka yaɗa dabarar sa ɗan taki a ramin shuka, kimanin giram 6 na NPK, wato cikin murfin kwalbar lemo, maimakon watsa shi ko'ina. Taron shugabannin Afirka na Abuja a 2006 ya sa burin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a hekta, taron Nairobi na Mayun 2024 kuwa ya haɗa batun taki da lafiyar ƙasa a suna ɗaya, wanda ke nuna cewa an fahimci buhu shi kaɗai ba ya raya gona.

Mallaka, kiwo da aikin hukuma

Ruɓin ƙasa yana ɗaukar shekaru kafin ya taru, gawo kuma ba ya biyan wanda ya rene shi da wuri, don haka wanda ke noma gonar aro ko haya ko jingina ba shi da dalilin zuba taki a ƙasar da za a iya karɓe ta baɗi. A Nijar, bishiyoyi sun yawaita ne bayan manomi ya samu tabbacin cewa abin da ya rena nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. A Jigawa ma ana bukatar wannan tabbaci a rubuce, tare da yarjejeniyar ƙauye da dagatai da masu unguwanni da arɗoɗin Fulani za su tsaya a kai game da lokacin sakin dabbobi, da hana sassake gawo har ya mutu, da farfaɗo da tsohuwar al'adar da garke ke kwana a gona a biya makiyayi da hatsi.

Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a Disambar 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, da shirin Babbar Katangar Bishiyoyi wanda Jigawa ke cikin jihohinsa 11, suna da kuɗin da za su iya ɗaukar wannan aiki idan aka auna nasararsu da yawan bishiyoyin da suka rayu shekara biyar a gonakin mutane. Jami'ar Tarayya ta Dutse da hukumar bunƙasa noma ta jihar, wato JARDA, kuma su ne suka fi dacewa su kafa filayen gwaji na dindindin a gonakin manoma, ɗaya a jigawa, ɗaya a fako, ɗaya a bakin fadama, inda za a riƙa auna kabon da tsamin ƙasa da saurin shigar ruwa da yawan ƙuduji kowace shekara, a rubuta su tare da nauyin hatsi da na harawa, da kwanakin aikin da kowace dabara ta ci, da farashin damin kara a kasuwa a watan da manomi ke yanke shawarar sayar da shi ko barinsa a gona.